Malam ya halatta in je Faransa koyon Faransanci a hutun bazara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya. Ni dalibi ne ina aji uku a jami'a, Faransanci nake karantawa, to an zabe ni cikin wadanda za a tura garin Bezanson na kasar Faransa wata daya da rabi, Yuli zuwa Agusta, mu koyi yare da al'adunsu. An ce mutum ya zaba ko hostal ko a hada shi da wani iyali ya zauna gidansu. Kawuna yace sam, wai zuwa kasar kafirai haramun ne kuma yaren nasara ba abin alheri a cikinsa. Dan Allah Malam a warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dana, koyon yare dai ba laifi a cikinsa ko kadan. Allah ya kirga sabanin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyinsa a suratur Rum aya ta 22, kuma Annabi (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiku, Zaidu yace rabin wata bai cika ba ya iya, Abu Dawud da Tirmizi duk sun ruwaito. Amma kar ka je wajen kawu da maganar nan da ake yawo da ita wai "wanda ya koyi yaren mutane ya tsira daga makircinsu", ba hadisi bane, bata da asali, in ya san karatu zai kama ka da ita. Sannan mu da Nijar da Chadi da Kamaru da Binin suka zagaye mu ai ba sai an gaya mana amfanin Faransanci ba, duk wanda ya taba tsallaka Jibiya zuwa Maradi da kaya ya ga yadda takardar kwastan ke zama masa kamar laya.

Maganar kawunka kuwa ba daga iska ya dauko ta ba, kar ka raina shi. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta tafiya inda hukuncin wadanda ba musulmi ba zai hau kan mutum, har a Risala an fada game da fatauci. Abin da ake tsoro shine a hana ka addini ko kai ka sake shi da kanka. Shi yasa malamai suka sa sharadi uku, mutum ya kasance da ilimin da zai kare shi daga shubuha, da tsoron Allah da zai rike shi daga sha'awa, kuma akwai bukatar tafiyar. Bukata akwai, don yare a bakin masu shi ake tsinta, duk da muna da kauyen Faransanci na Badagiri da ake tura dalibai, wanda ya kwana shida yana cinikin burodi da Faransanci ba daya yake da mai haddar nahawu ba. Sauran biyun kai ka san kanka, ni ban sanka ba. In a nan gida ma sai an buga maka kofa kake asuba to ka tsaya ka yi wa kanka hisabi kafin ka biya kudin biza.

Inda nafi so ka bude kunne shine wajen kwana da wajen cin abinci, don ba a aji ake zamewa ba, a teburi ake zamewa. Ka zabi hostal. Na san malamanku zasu ce zama da iyali yafi saurin bude baki, gaskiya ne kuma, amma Bafaranshe giyar inabi a wajensa kamar ruwan randa ce, a gidaje da dama ana dora ta tsakiyar teburi lokacin abincin dare, ga hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ga kuma gaisuwarsu ta sumbatar kumatu, matar gida da 'yarta zasu miko maka fuska ranar farko, ba da mugun nufi ba, su gaisuwa ce, kai kuma bai halatta gareka ba. Dora hannu a kirji ka dan rusuna ka yi murmushi, ka fada musu tun farko cikin ladabi, yawanci suna ganewa. In dole sai gidan iyali to ka rubuta a fom baka cin alade baka shan giya, ka roki a hada ka da gidan musulmi, suna da yawa, 'yan asalin Aljeriya da Maroko da Senegal.

Nama: ayar Ma'ida ta 5 ta halatta yankan ahlul kitabi, sai dai mayankarsu ta yau ana sumar da dabba kafin yanka kuma malamai sun yi sabani in ta mutu kafin wuka, to tunda mahautan halal suna nan kusan kowane gari me zai kai ka ga shubuha. Ka haddace kalmomin nan tun kana jirgi, porc, jambon, lardons, saucisson, duk alade ne, shi lardons din kanana ake yanka shi a watsa cikin salak ko kwai baka ma lura ba. Abincin da aka ce au vin da giya aka dafa shi. Fita yawon ganin al'ada kuwa, gidan tarihi da ganuwar Voban dake saman garin je ka gani ka karu, amma ranar da aka ce za a gonar inabi dandana giya ka nemi uzuri. Sanin yadda mutane ke rayuwa ilimi ne, kwaikwayonsu a abin da shari'a ta hana shine haramun.

Sallah zata baka wahala, gara ka sani. A Yuli rana bata faduwa sai wajen tara da rabi na dare, isha'i ta wuce sha daya, asuba kuma kafin hudu ta shigo, ga aji da safe. Ka bi jadawalin masallacin garin. Kasaru a hanya kawai zaka yi, da ka sauka da niyyar zama kwana hudu ko fiye ka koma cikawa, juma'a ma ta hau kanka don haka ka nemi izinin malamin aji tun satin farko. Daren da barci ya ci karfinka da gaske zaka iya hada magariba da isha'i, bisa hadisin Ibn Abbas a Muslim cewa Annabi ya hada a Madina ba tsoro ba ruwan sama don kar ya kuntata wa al'ummarsa, amma banda mai da shi al'adar kullum.

In akwai mata a tawagarku ka gaya musu hukuncinsu ba daya da naka bane, akwai maganar muharrami, su aiko tasu tambayar daban. Su dai sani dokar 2004 da ta hana dankwali makarantun gwamnati na firamare da sakandare ta shafa banda jami'a, amma nikabi dokar 2010 ta hana shi a titi ma.

Tafiyarka ta halatta da wadannan sharudda. In mahaifanka sun yarda ka shirya, ka kuma je ka zauna gaban kawu ka karanta masa amsar nan a hankali, ka nemi addu'arsa. Wallahu a'alam.