Tambayoyinku Kan Waya: Masu Zaga Gari a Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin daga nan gefen Ringim nake rubutu, netwok sai na hau tudun bayan makarantar firamare yake kamawa, shi ya sa amsoshin suka yi jinkiri. Yawancin saƙonnin daga 'yan uwanmu na waje suka zo, mu je kai tsaye.

TAMBAYA: Malam ni ɗan Gumel ne ina karatu a Azhar. Ran Juma'a nakan fita in ga gari amma data na ƙarewa sai taswira ta tsaya cak, rannan sai da na yi awa biyu ina bulayi a lungunan Khan el-Khalili.

AMSA: Ƙanina awa biyu a kasuwa ɗaya, ai ko kasuwar Kurmi ba ta taɓa riƙe baƙauye haka ba. GPS, wato abin da ke nuna inda kake tsaye, ba ya cin data, taswirar ce ke ci. In kana kan waifai ɗin masauki ka buɗe Google Maps, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga Offline maps ka sauke Alƙahira gaba ɗaya. Sai dai ita in babu data hanyar mota kawai take nunawa, ni Organic Maps nake saka wa kowa don tana nuna hanyar ƙafa ko ba netwok. Kuma tunda kana kusa ka leƙa lambun Al-Azhar, a 2005 aka buɗe shi, wajen da juji ne na ɗaruruwan shekaru aka mayar da shi lambu. Ka je dab da magariba ka hau tudun, ga ganuwar Salahuddin ga hasumiyoyin masallatai duk a gabanka. Ana biyan kuɗin shiga, ka riƙe canji.

TAMBAYA: Ni ɗan Kazaure ne, ina aikin kula da tsofaffi a Landan. Ranar hutuna na fito daga tashar Marble Arch zan shiga Hyde Park, na tsaya bakin titi ina duba taswira sai wani a kan keke mai lantarki ya warce wayar ya yi gaba. Layina na Najeriya na ciki, WhatsApp, manhajar banki, hotunan shekara biyu. Me zan yi?

AMSA: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Amma wallahi wannan ita ce tambayar da take ci min rai, don kusan duk wata sai irinta ta zo kuma duk labarin iri ɗaya ne.

Kai da ka tashi kana bin Baba kasuwar Maigatari, ka taɓa ganin ya sayar da sa ya tsaya tsakiyar kara yana ɗaga damin kuɗin sama yana ƙirgawa? A aljihun ciki yake cusawa ya ɗora hannu a kai har gida. To wayar nan ta fi kuɗin san nan, don bankinka ne, katin shaidarka ce, muryarka ce a wajen dangi, amma sai mutum ya je Turai ya ga titi tsaf tsaf ya ɗauka ba ɓarawo. Su masu warcen nan ba don komai suke jiran ka buɗe taswira ba sai don su samu wayar a buɗe, wayar da ke kulle ƙarfe ce kawai, wadda ke buɗe kuwa gidanka ne ba ƙyaure.

Yau ɗin nan kafin ka kwanta, in Android ce ari wayar wani ka shiga android.com/find da imel ɗinka ka kulle ta, in ka fidda rai ka goge ta gaba ɗaya. Canja lambar sirrin imel. Kira bankinka na can da na gida su toshe. Ka kai rahoto wajen 'yan sanda, lambar 101 ce ta abin da ba gaggawa ba, za su nemi IMEI, wato lambar shaidar wayar, tana jikin kwalin wayar in ba ka yar ba. Sannan abin da kowa ke mantawa, ka kira gida da bakinka ka gaya wa su Inna da ƙannenka duk saƙon da ya zo da lambarka ana cewa a turo kuɗi ba kai ba ne. Na ga tsohon da ya sayar da buhunan riɗinsa ya tura, yana zaton ɗansa ne ke cikin matsala a waje.

Layin Najeriyar shi ne babban ciwon. Duk wanda ya zare sim ɗin ya saka a wata waya shi zai riƙa karɓar lambobin da banki da WhatsApp ke turowa, kuma dawo da layi daga waje ba ƙaramin wahala ba ne tunda a ɗaure yake da NIN ɗinka. Sa a toshe shi tukuna, maganar dawowa daga baya.

In ka sayi sabuwa kuma dan Allah kar a maimaita. Saka wa sim ɗin kansa PIN, ba na fuskar waya ba, na sim, in aka yi kuskure sau 3 ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗewa ta kamfanin layin. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lamba 6 ce, minti ɗaya ba ta ɗauka amma mutane sai a yi shekara ana gobe gobe. Tun 2024 Android ta kawo Theft Detection Lock, in ta ji an fizge ta an zura da gudu sai ta kulle kanta, daga Android 10 zuwa sama, iPhone ma tana da Stolen Device Protection. Hotuna a bar su su riƙa hawa Google Photos, 15GB kyauta ne. Ka danna *#06# ka rubuta IMEI a takarda, takarda ta biro nake nufi, ka sa cikin fasfo. Ni duk wanda ya kawo min waya sai na sa shi ya rubuta a gabana kafin ya tafi.

Kuma kar wannan ya sa ka kulle kanka a ɗaki, daga aiki sai barci, haka kewar gida ke cinye mutum. Saka iyafis kunne ɗaya, taswira ta riƙa gaya maka hanya wayar na aljihu, in dole sai ka duba ka shiga shago ko ka juya wa titi baya. Hyde Park kyauta ne, ran Lahadi akwai masu wa'azi da muhawara a Speakers' Corner nan kusa da inda aka yi maka abin. Regent's Park ma babban masallacin Landan na gefensa, ka yi azahar ka shiga ka zauna bakin ruwa. Ka riƙe katin Oyster na biyan kuɗin bas daban da waya, don bas ɗin Landan tun 2014 ba ya karɓar tsabar kuɗi, in katinka a waya yake aka warce to a ƙafa za ka koma.

TAMBAYA: Maigidana yana Istanbul, wata huɗu wayarsa na aiki lafiya yana turo mana hotunan masallatai da jirgin ruwa, yanzu sim ya daina kamawa.

AMSA: Hajiya wayar lafiyarta ƙalau. Dokar Turkiyya ce, wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take yi da layinsu sai a toshe in ba a yi mata rajista ba, kuɗin rajistar kuwa da tsada. Ya sayi ƙarama a can ya sa layin, tsohuwar ya ci gaba da ɗaukar hoto da ita, tana aiki da waifai.

TAMBAYA: Ɗana yana Malesiya, kullum sai ya turo bidiyon lambu da wasu tagwayen benaye, yanzu wayata ta cika ko hoto ba ta ɗauka.

AMSA: Baba barka da arziki, benayen Petronas ne, hawa 88 kowanne. A ba jikanka wayar ya shiga WhatsApp, Storage and data, ya kashe saukar bidiyo da kanta, sai Manage storage ya goge manyan. Shi kuma yaron a ce masa bidiyo ɗaya ran Juma'a ya isa, data a ƙauye ba a rijiya ake ɗebo ta ba.