Zaman ritaya a Jidda ya ishe ni

Tambaya: Salam Malam, na yi ritaya daga koyarwa a Kano na koma wajen ɗana a Jidda, wallahi zafi da zaman ɗaki sun ishe ni, ga esi na tayar min da ciwon gwiwa, ya zan yi?

Amsa: Sannu Baba. Zafin Jidda da gumi yake zuwa saboda teku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ma hukuma hana aiki a rana take daga 12 zuwa 3. To ku canza lokacin fita, bayan asuba ku ɗan taka a Kornish, wato wurin shaƙatawa na bakin teku, kafin rana ta ɗaga, da magariba ku leƙa majalisar 'yan uwa Hausawa a sha shayi, kaɗaicin nan shi ya fi damuna gaskiya. Esi a rage shi, gwiwar kuma likita ya duba.