Ƙanina na neman jarin allunan hawa igiyar ruwa a Legas, in tura masa?

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Sabon Garin Zariya. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata sayen masara da waken suya a kasuwar Giwa da kaka, in ajiye sai sun yi daraja. Ƙanina ya shekara shida a Legas, yanzu yana sayar da ruwan sanyi da gasasshen kifi a bakin teku, a wani wuri da ake kira Tarkwa Bay. Ya ce wani Bature zai bar ƙasar, yana son rabuwa da allunansa guda shida na wasan hawa igiyar ruwa, naira miliyan 1.5 gaba ɗaya. Ya turo mini hoton hasashe daga wayarsa, wai mako mai zuwa teku zai yi toroƙo, an rubuta mita 2 da sakan 14, masu wasan za su cika wurin. Ya ce in muka ba da hayar allunan, kuɗin zai dawo kafin kaka. Yanzu muna ƙarshen Mayu. Ni ban taɓa ganin teku ba sai a waya. In tura masa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura a makon nan. Ƙaninka bai yi maka ƙarya a kan hoton ba, mai yiwuwa ma ruwan ya zo yadda aka faɗa. Inda lissafinsa ya karkace shi ne da ya ɗauka ranar da teku ya fi girma ita ce ranar da ciniki ya fi kauri. Bari mu fara da karanta hoton, tunda shi aka kafa maka hujja da shi.

Mita 2 ɗin nan tsayin raƙuman ruwa ne can a tsakiyar teku kafin su iso gaɓa. Sakan 14 kuma tazarar lokaci ce tsakanin raƙumi ɗaya da mai bi masa. Masu wasan sun fi kallon wannan lamba ta biyu. In tazarar gajera ce, kamar sakan 6 ko 7, iskar kusa ce ta tada ruwan, sai ya zo a hargitse yana dukan juna. In ta kai 13 ko 14, daga nesa ya taso, ya jeru sahu-sahu, kuma yana ɗauke da ƙarfi har can ƙasan ruwa. Irin wannan da ke isa gaɓar Legas, guguwar da ke tashi a kudancin Tekun Atlantika ce ke haifar da shi, tsakanin Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu. Tafiyar ta haura kilomita 5,000, kuma ruwa mai tazarar sakan 14 yana cin kusan kilomita 40 ne a awa, wato kwana biyar zuwa shida yana hanya. Shi ya sa manhajoji irin su Surfline da Windy da Windguru ke iya cewa ranar kaza zai iso: guguwar ta riga ta yi aikinta, saƙon ne ke tafe. To amma iyakar ganin nasu ke nan. Kwana biyar, bakwai, daga nan sai ƙiyasi. Kai kuwa kuɗinka wata biyar ake neman ya yi a waje. Kamar a nuna maka hadari ya haɗu a gabas yau da la'asar, a ce saboda haka ka sayi gona.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kalandar shekara, don ita ba ta cika saɓawa ba. Lokacin sanyin kudancin duniya, daga wajen Mayu zuwa Satumba, shi ne lokacin da guguwar can ta fi ƙarfi, saboda haka shi ne lokacin manyan raƙuman ruwa a Legas. Kuma shi ne tsakiyar daminar Legas, Yuni da Yuli su ne watanninta mafi ruwa. Iskar kudu maso yamma, wadda ita ce ke hawowa har ta kawo mana damina a Zariya, a can daga teku take busowa kai tsaye zuwa gaɓa, tana yamutsa fuskar ruwan, musamman da rana ta take. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ruwan ya kwanta, raƙuman sun ƙanƙance, in hunturu ya sauka har can sai iskar ta juya tana busawa daga tudu, ruwan ya yi sumul da safe. A farkon wannan lokacin ne Legas ke cika da baƙi, 'yan gida mazauna ƙasar waje sun dawo hutun ƙarshen shekara, makarantu a rufe, bakin ruwa ba masaka tsinke.

Yanzu tambayi kanka, wa ke hayar allo? Wanda ya ƙware har yake bibiyar hasashe yana jiran mita 2, da allonsa yake zuwa, ya san tsawonsa da nauyinsa kamar yadda mahayi ya san sirdinsa, ba zai hau na haya ba. Mai haya shi ne wanda ya zo yawon buɗe ido da abokai ranar Asabar, ya ga ana yi, ya ce bari ya gwada a ɗauke shi hoto. Wannan ruwa mai laushi yake so, da rana a buɗe. Ranar da teku ya yi toroƙo, ko ya so ba a barinsa ya shiga, don ƙarfin raƙumi ba da tsayinsa yake tafiya kai da kai ba: in tsayin ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Ga kuma hanya. Tarkwa Bay ba a zuwa da mota, sai an hau jirgin ruwa daga cikin gari, kuma ranar ruwan sama da iska mutane da yawa ba sa yarda su shiga ƙaramin jirgi. Ka ga makon da ƙaninka ke murna da shi yana iya zama makon da ko ruwan sanyin ba zai sayar da yawa ba.

Akwai abu guda da wurin ya fi sauran gaɓar Legas da shi, kuma shi ya sa ban ce maka a watsar da maganar ba. Tun wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara jera katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe ta. Tarkwa Bay a cikin kariyar waɗannan katangu take, don haka ruwan da ke shiga cikinta ya riga ya rage kaifi, yayin da gaɓar Lighthouse da ke maƙwabtaka da ita take karɓar dukan teku gaba da gaba. Wannan ne ya sa wurin ya yi suna da koyon wasan, har yaran unguwar da dama suka taso da shi. Kasuwar masu koyo tana nan da gaske.

Sai allunan kansu. Ka sa ƙaninka ya turo hotonsu ɗaya bayan ɗaya, mutum na tsaye kusa da kowanne. Allon gwani gajere ne, siriri, mai tsini, jikinsa da tauri kamar gilashi, ɗan karo kaɗan ya tsage, in ya tsage ya sha ruwa ya yi nauyi. Sabon shiga ba zai iya ko miƙewa a kansa ba. Allon koyo dogo ne, ya kai ƙafa 8 ko 9, mai faɗi, samansa soso, in ya bugi mutum ba ya fasa masa kai. Mutumin da ya tara alluna shida don nishaɗin kansa, ina kyautata zaton yawancinsu irin na farko ne. In haka ne, ko a rabin kuɗin aka ba ku ba hajarku ba ce, araha ba ta ado. Saurin nan kuma da ake sa ka, na mai sayarwa ne, shi ke da tikitin jirgi a aljihu. Kai da ka saba da kasuwar Giwa ka san yadda manomin da ya ƙagu ya koma gida kafin magariba yake sakin farashi.

Mu yi lissafin da ƙaninka bai yi ba. Daga Yuni zuwa Oktoba wajen ƙarshen mako 20 ne, kuma cinikin bakin ruwa kusan duka na Asabar da Lahadi ne da ranakun hutu. Kafin miliyan 1.5 ta dawo a wannan tsakanin, sai kowane ƙarshen mako ya ajiye naira 75,000 tsantsa, bayan an cire kuɗin mai koyarwa, gyaran allo, igiyar da ke ɗaure allo da ƙafar mai hawa in ta tsinke, wurin ajiya, da abin da masu iko da bakin ruwan ke karɓa. A cikin damina. In ya gaza, asarar ba ta tsaya a nan ba: Oktoba da Nuwamba za su zo, sabuwar masara ta cika kasuwa a farashin kaka, kai kuma jarinka yana jingine a wata rumfa a Legas gishiri na cinsa. Ribar da ka san hanyarta ce ka bari ta wuce.

Wani abin da nake so ka sa a ranka shi ne ƙasar wurin ba ta kowa ba ce a cikinku. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay cikin ɗan lokaci, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun mai da ke bi ta yankin. Mutane sun koma daga baya, harka ta farfaɗo, amma wanda ya gani ba ya mantawa. A Afrilun 2024 kuma an rushe wuraren shaƙatawa na bakin teku a yankin Victoria Island, ciki har da Landmark, don aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Saboda haka duk abin da za ka sa kuɗi a kai a can, ya zama wanda mutum biyu za su iya ɗauka su sa a jirgi cikin awa guda. In ƙaninka ya zo da maganar zuba siminti ko kafa rumfar dindindin, ka ce masa a'a tun kafin ya gama.

Ga yadda zan yi in ni ne. Zan ce masa ya sayi littafin rubutu na naira kaɗan, daga wannan Asabar har ƙarshen Agusta ya riƙa rubuta abu huɗu kowace Asabar da Lahadi: abin da manhajar ta ce, yadda sama ta kasance, mutum nawa ya gani da idonsa sun karɓi hayar allo a wurin masu yi yanzu, da nawa suka biya. Ya ɗauki hoton shafin ya turo maka kowace Litinin. Wannan zai nuna maka kasuwar, zai kuma nuna maka ƙanin, don wanda ya kasa riƙe littafi na wata uku ba zai riƙe jari ba. In lambobin sun yi kyau, bayan ka gama sayen hatsinka na kaka ka ware abin da in ya salwanta ba zai taɓa uwar kuɗinka ba, a nemi allunan koyo biyu ko uku, ko na hannu ne, su kasance a wurin kafin tsakiyar Disamba. In Janairu ta fita da riba a ƙara.

Kuma kada ya yi shi kaɗai. Iyon da aka koya a kogin Kubanni ko Galma ba shi ne iyon teku ba. A teku akwai wata igiya da ke komawa ciki ta ja mutum daga gaɓa, ta fi yawa kusa da duwatsu, kuma wanda bai san ta ba yakan yi ta kokawa da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Ga cika da janyewar ruwa sau biyu a yini, lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, ya fi tsanani a farkon wata da daren sha huɗu. Wanda ya ba baƙo allo ya tura shi ruwa, ransa na wuyansa. Ya nemi ɗaya daga cikin yaran wurin da suka ƙware, a yi yarjejeniya: ku da allo, shi da koyarwa da tsaro, a raba a kan kaso sananne. Hakan zai kuma hana a ɗauke shi baƙon da ya zo ƙwace wa 'yan gida abinci, wanda a kowace kasuwa matsala ce, balle a tsibiri.

Tsakaninka da shi kuma, ku kira abin da sunansa tun farko. In bashi ne, bashi ne, zai biya ko an ci ko an faɗi, ba ka da rabo a riba. In ƙiradi ne, wato kai da kuɗi shi da aiki, to riba a kan kaso ake rabawa, rabi da rabi ko yadda kuka shirya, ba a yanka wani adadi a ce kowane wata sai ya kawo shi, kuma in aka faɗi ba da sakacinsa ba, kai ka yi asarar kuɗi shi ya yi asarar wahala. Na sha ganin 'yan uwa a garin nan sun daina gaisawa saboda ɗaya yana cewa rance ya bayar, ɗaya yana cewa jari aka zuba masa. Ku rubuta a takarda, ku sa babban yayanku ko limamin unguwa ya shaida, ko ta waya ce.

In da hali, cikin watan Agusta da ruwan Legas kan ɗan tsagaita, ka hau mota a Kwangila ka je ka kwana biyu. Ka zauna a rumfarsa ranar Asabar tun daga jirgin farko har na ƙarshe, ka ƙirga da kanka, ka ga kuma me ake sayarwa a rumfunan da ke gefensa, don ka san inda kuɗinka zai zauna. A jirgin ka karɓi rigar kariya ka ɗaure ta sosai, kuma ku tsallako kafin duhu.