Amsar Kawu daga Tahoua kan zancen garinmu

Assalamu alaikum jama'ar zaure, manya da ƙanana, ina gajiya, ina iyali. To, ɗana na Yamai, na saurari muryarka tun jiya, ka ce ka je gida salla ka ga gidajen siminti da kwano da babura ko'ina, amma kowa na kukan babu, kana tambaya wai gari ci gaba ya yi ko baya. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Mutane dai sun ƙaru, wannan ba gardama. Ƙidayar 1988 ta samu Nijar da mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta samu miliyan 17, jihar Tahoua kaɗai ta wuce miliyan 3. Amma gona fa ba ta haihuwa. Gonar kakanku da ke bayan tabki, shi kaɗai yake nomanta, rumbu biyu yake cikawa. Da ya rasu mu shida muka raba. Yanzu 'ya'yanmu suna jiran su raba abin da muka raba, wani rabonsa ko jaki ka ɗaure ciki sai igiya ta shiga ta maƙwabci. Hatsin da ake samu a nan, in damina ta yi kyau, wata uku ko huɗu ya ƙare, sai a koma awon tiya a kasuwa.

To kwanon da ka gani, daga ina? Daga bida. Mu Adarawa ba yau muka fara ba, tun zamanin iyayenmu ana tafiya Abijan da Akara da Legas, sai dai da in an yi girbi a tafi, ruwan fari ya sauka a komo a riƙe hauya. Yanzu yaro sai ya yi shekara uku, huɗu, a Libiya ko Aljeriya, matarsa da tsohuwarsa na jiran waya ta yi ƙara a ce an turo jika goma ko ashirin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza. Ka shiga gari da rani ka ƙirga, tsofaffi ne da mata da yara, kai, ko jana'iza aka yi sai an nemi masu haƙa kabari.

Sai albasa. Wanda ke da garka a fadama da injin ban ruwa, shi ne mai kuɗin gari yanzu, ba mai rumbu ba. Albasar Galmi har Gana da Kodebuwa take zuwa. Amma ita ma mai ƙarfi ke cin ribarta, wanda zai iya zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira farashi ya tashi. Talaka ya ci bashin taki da mai, dole ya sayar lokacin cira, sa'ad da buhu ya faɗi ƙasa warwas.

Kuma duka biyun nan, bida da albasa, iyaka suka dogara da ita. Ka tuna 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta, sannan 2023 aka sake rufewa, ga naira ta karye. Ɗan ƙanena da ke Legas abin da yake turowa bai rage a naira ba, amma in an canza shi zuwa sefa a Konni sai ka ji kunya. Gininsa har yau yana tsaye daidai taga.

Af, zancen lakwal da ka yi, aji biyu na zana ne har yanzu, wannan sai mun zauna a kai daban. Ga kiran la'asar can, ka gaida mini 'yata da yara.