Rigar da ka buga wa suna ba ta da mai saye na biyu

Wani matashi ya rubuto daga Garwa ta ƙasar Kamaru: "Malam, sana'ata buga rubutu a riguna. Ɗan baffana ya kawo mini aikin riga 200 na ƙungiyarsu don faretin 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa. Sun biya kuɗin 60 sun ɗauka, sauran suna jibge a shago. In ci bashi in sayo injin bugawa daga Duwala, ko zan farfaɗo?"

Ƙanena, ajiye zancen inji. Ba rashin inji ne ya kayar da kai ba. Ka taɓa fenti ba ka karɓi kafin alƙalami ba, saboda mai aikin ɗan'uwanka ne.

Mai sayar da shadda, in ciniki ya watse, sai ya mayar da ita kan kantar shagonsa. Kai kuwa daga lokacin da ka shimfiɗa rigar, ka ɗora yankakken tambarin, ka ja fenti a kai, ta tashi daga haja. Wa zai sayi riga mai sunan ƙungiyar da ba tasa ba? A ce kowace ta tsaya maka sefa 1,200, riga 140 sun kwantar maka da 168,000. Ban sa fenti ba, ban sa daren da ka kwana da reza kana yanke haruffa ɗaya bayan ɗaya ba. Kuma na san ba ka sa wa yankan kuɗi ba, alhali wahalarsa ɗaya ce ko riga goma za a buga ko ɗari biyar.

Na san wani a Marwa, gwani ne, a tsohon hoton ƙashi na asibiti yake yanka tambari, layinsa tsaf kamar na kamfani. Lokacin zaɓen 2018 wani abokinsa ya kawo masa babban aiki, ya ce kuɗi na nan tafe. Aka yi zaɓe, waya ta daina shiga. Da idona na ga yaransa suna goge tebur da rigunan. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga yau, kuɗin riguna da na yankan tambari su shigo hannunka tukuna, ko da mahaifinka ne ya aiko. Ka buga guda ɗaya, mai aiki ya duba rubutun, ya sa hannu a littafi. Inji kuwa, wanda ya kasa karɓar cikakken kuɗin riga 200, in ya samu mai buga dubu a yini, asarar dubu zai yi, ga mai bashi a ƙofa.

Waɗannan 140 ɗin, kada ka tsaya jan magana da ɗan'uwan naka. Ka je wurin baffa da lissafi a rubuce, a kira shugaban ƙungiyar, a yanka musu biya kashi-kashi. In ba ka buga shekara a jiki ba, su karɓa su ajiye, Mayu mai zuwa ma akwai fareti.