Me ya sa tocilar waya ba ta ƙona hannu kamar tsohon ƙwan lantarki?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tocilar wayata tana haske tar, kuma ko ta jima a kunne ɗan ɗumi kawai nake ji. Amma tsohon ƙwan lantarki mai jan haske, minti biyar da kunnawa ba ya taɓuwa. Ina bambancin yake?

Amsa: Barka kadai. Tsohon ƙwan nan da zafi yake samar da haske, kamar duk fitilun da suka riga shi. Dubban shekaru, in mutum yana son haske da dare sai ya ƙona wani abu: kitse ko kakin zuma a kyandir, mai da lagwani a fitila. An samu ci gaba, amma duk a kan wuta ne. William Murdoch ya haska gidansa da iskar gas a Ingila a 1792, fitilar kananzir kuma ta bazu bayan an haƙa rijiyar mai a Fensilbeniya ta Amurka a 1859.

Da lantarki ya zo, harshen wuta ya tafi amma zafin ya zauna. Ka ɗaga tsohon ƙwai ka duba, za ka ga wani siririn ƙarfe a nannaɗe a tsakiya. Lantarki ke gasa shi har ya haura digiri 2,000, sai ya yi fari ya haska. An fitar da iskar shaƙa daga cikin gilashin don kada ƙarfen ya cinye nan take. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ka biya a zafi yake tafiya.

Tocilarka kuwa LED ce. Ba abin da ake gasawa; lantarki na ratsa wata 'yar ƙaramar ƙwaya sai haske ya fito kai tsaye. An samu LED mai jan haske tun 1962, shuɗi ne ya wahalar da masana sai farkon shekarun 1990, aikin da ya ba masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, lambar Nobel a 2014. Ka kashe tocilar ka leƙa: ɗigon rawaya da ka gani wani shafe ne a kan shuɗin, shi ke mayar da hasken fari. Tunda LED ba ta ɓarnar wuta a zafi sosai, in za ka sayi ƙwai, duba lumen, wato ma'aunin haske, ka bar wat, wato ma'aunin wutar da yake ci. LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60.

Tambaya: Da gaske Thomas Edison na Amurka ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki?

Amsa: Ba shi kaɗai ba. Joseph Swan ya nuna nasa a Ingila kusan lokaci ɗaya. Na Edison na 1879 sa'o'i 13 da 'yan kai ya yi ya mutu, sai da ya koma ga zaren gora da aka mayar gawayi ya haura sa'o'i 1,000. A ganina babban aikinsa shi ne tashar da ya buɗe a titin Pearl a New York a 1882, wadda ta kai wuta har cikin gidaje da ofisoshi.