Amsar tambayar Alhaji kan Cessna 172

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce me ya sa masu tuƙa jirgin kansu suka nace wa Cessna 172, jirgin da aka fara sayarwa tun 1956, alhali ga su Cirrus masu gudu, har da laimar saukar gaggawa. To ni abin da na fahimta, so kake ka ji ko rashin kuɗi ne ya sa suke hawansa. Ba shi ba ne kaɗai, wallahi. Jirgin nan yafiya gare shi. Wanda ke tashi sau ɗaya ko sau biyu a wata, hannunsa ba ya kama kamar na mai tashi kullum, dole zai yi kuskure, kuma jirgin da zai yafe masa yake nema.

Bari in ba ka misali da mai, don nan ne abin ya fi fitowa. Fukafukan 172 a sama suke, bisa kan matuƙi, tankunan mai kuma suna cikinsu. Wato mai da kansa yake gangarowa. Akwai makunnin zaɓen tanki a ƙasa tsakanin kujerun gaba, hagu, dama, sai duka biyun. Ka ajiye shi a kan duka biyun, shi ke nan, ka kama wani aiki. Amma je ka hau Piper Cherokee, wanda fukafukansa suke ƙasa: babu duka biyun. Dole kana duba agogo kana canja tanki, kana kunna famfon lantarki kafin ka canja. Mutane nawa injinsu ya mutu a sama, suka sauka a gona, aka zo aka tarar ɗaya tankin cike yake fal? Hankalin mutum yana kan rediyo, yana kan hadari, ya manta. Cherokee jirgi ne mai kyau, kada wani ya ce na kushe shi. Amma ƙofarsa ɗaya ce, ta dama, sai ka taka fiffike ka shiga. 172 ƙofa biyu gare shi, ga inuwa in kuna tsaye a rana, ga ƙasa kana gani tar ba abin da ya tare ka.

Sai saukowa. Kana zuwa titi da not 65 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), kamar kilomita 120 a awa ke nan, gudun mota a babbar hanya. Idan ka rage gudu fiye da kima har fiffike ya kusa daina ɗaukar iska, wajen not 48 in ba ka sauke filaf ba, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, zai yi maka kuka tukuna. Kuma abin kukan nan ko batir ba ya buƙata. Ɗan rami ne a gaban fiffiken hagu, iska ce ke zuƙa ta cikinsa ta busa wani ɗan bututu kamar sarewa. Kafin ka tashi sai ka ɗora hankici mai tsabta a bakin ramin ka tsotsa, in ya yi ƙara lafiya lau yake. Idan ma ka yi kunnen ƙashi ka ci gaba da ja, hancin ne zai sunkuya a hankali, ka sassauta sitiyari, ka ƙara wuta, ya dawo. In inji ya mutu ɗungurum, ka riƙe not 68. Daga ƙafa 6,000 sama da ƙasa za ka iya shawagi kusan kilomita 16 kana neman fili.

Injin ma haka. Na yanzu, 172S, Lycoming ne mai silinda huɗu, ƙarfin doki 180, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya tsiyaye. Maganeto biyu, wato na'urar da ke ba fulogi wuta da kanta, fulogi biyu a kowace silinda, ko lantarkin jirgin ya ɗauke gaba ɗaya inji na nan yana aiki. Kafin tashi ka taka birki, ka kai inji juyi 1,800 a minti, ka gwada kowane maganeto shi kaɗai. Kada faɗuwar juyin ta wuce 150, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 50. Farfela ba a canja mata kwana, tayoyi ba sa naɗewa, saboda haka babu zancen na manta ban fito da taya ba. Yana shan lita 35 ko kusa da haka a awa, kuma sai ya yi awa 2,000 ake sauke inji a yi masa garambawul. An ƙera sama da 44,000, babu jirgin da aka taɓa ƙerawa da yawa haka a duniya, har a Faransa kamfanin Reims ya yi nasa. Ma'ana duk makanikin ƙananan jirage ya taɓa kwance shi, kayan gyara suna nan, malamin da zai koya maka a kansa ya koya, ranar da ka so sayarwa kuma ba za ka rasa mai saye ba.

To amma ga abin da yake ƙona min rai, kuma kullum sai an maimaita shi a nan. Wai jirgin mutum huɗu ne. Kujeru huɗu ne, e, na yarda. Amma ku yi lissafi mana. Iyakar nauyin da 172S zai tashi da shi kilo 1,157 ne. Shi kansa jirgin, ba mai ba kowa, ya kai wajen kilo 760. Saura kusan 400. Ka cika tanki, lita 200, kilo 144 sun tafi. Me ya rage? Kamar 250. Ka ɗauko magidanta huɗu masu kilo 80 kowanne, 320 ke nan, ko jaka ɗaya ba a saka ba an riga an zarce da kilo 70. Sai ka ji mutum yana cewa ai zai ɗauka, ai na ga an yi. Zai ɗauka da sanyin safiya a Legas, wataƙila. Kai shi Jos da rana tsaka ka gani. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000 bisa teku, in zafi ya kai digiri 30, jirgin ji yake kamar yana ƙafa 7,000. Injin ba shi da tobo, wato abin da ke tura masa ƙarin iska, duk ƙafa 1,000 yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, wato kashi ɗaya cikin biyar ya tafi tun kana ƙasa. Titi yana ta ƙarewa, jirgi ya ƙi ɗagawa, mutum ya tsorata ya ja hanci da ƙarfi, shi ke nan. Ko ka rage mai, ko ka rage mutum. Kuma a auna mutane da sikeli, kada a tambaye su, kowa ragewa yake yi. Ban da ma inda nauyin ya zauna: ka jibge kaya a bayan kujerun baya, hanci ya riƙa ɗagawa da kansa, wannan yafiyar da na faɗa ɗazu ta gudu.

Af, bari in gyara wata magana. Na ce mai da kansa yake gangarowa, kada wani ya ce na ce babu famfo ko kaɗan. Tsofaffin masu kafireto ne ba su da shi. Waɗanda aka dawo da ƙerawa bayan an dakata a 1986, wato 172R da 172S, injekta ne, suna da famfon inji da na lantarki. Su kuma masu kafireto ga tasu matsalar: ƙanƙara tana taruwa a maƙogwaron kafireto ko da ana zafi, muddin akwai laima a iska. Za ka ga juyi yana raguwa a hankali. Ka ja makunnin iska mai zafi gaba ɗaya, inji zai yi tari, kada ka mayar, ƙanƙarar ce ke narkewa.

Ruwa a cikin mai kuma, sababbin wurin tsiyaya 13 gare su, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. A bi su duka. Man shuɗi ne, ruwa zai kwanta a gindin kofin kamar ƙwallo. Man nan kansa, afgas, wahalar samu gare shi a ƙasashenmu, shi ya sa wasu ke sa injin dizal mai shan man manyan jirage. Wannan sai a duba tun kafin a biya kuɗi.

Alhaji, in tsoho za ka saya, abu uku makanikinka ya duba. Bangon da ke bayan inji, don masu koyo suna buga tayar gaba a ƙasa, jirgi ya yi ta tsalle har bangon ya lanƙwashe. Ƙarfen da kujerar matuƙi take tafiya a kai, don in ramukan sun cinye, kujera tana zamewa baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya tafi da sitiyari a hannu. In kuma 172N ne na wajajen 1977, injinsa H2AD ya yi suna wajen cin kamshaf, a karanta littafin gyaransa shafi shafi, a yanka matatar man inji a duba ko da garin ƙarfe. Turo min shekarar jirgin da awannin injin tukuna.